A Bar Motata da Ƙurarta Har Buji Ya Ɗaga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ya sanyi, ya kuma haƙuri da ƙura?

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba. Ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, ga wani tsoho ya ɓullo da zancen wankin mota. Na ji, na kuma yarda. Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni kuwa mota na sani. Na fara karen mota a 1984. A 1989 maigidana, Allah ya jiƙansa, ya danƙa mini mukulli, na yi shekaru ina jan Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, irin wadda ake harhaɗawa a Kaduna a lokacin, tsakanin Kano da Maiduguri. Daga baya na koma layin Daura zuwa Damagaram. Yanzu gwiwa ta ƙi doguwar tafiya, sai wata tsohuwar Golf 'yar Kwatano da nake lallaɓawa a cikin gari, in kai jikoki makaranta, in kai uwargida unguwa, wani lokaci in ɗauki shata idan maƙwabci ya matsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne Asabar ɗin da ta wuce. An sa ɗaurin auren ɗan ƙanina a Bichi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kwana uku ke nan buji ya sauka, irin wanda rana ke fitowa kamar farin faranti, ka kalle ta ido da ido ba ta yi maka komai ba. Irin hazon nan ne da kan sa hukumar kula da yanayi, NiMet, ta fitar da gargaɗi, jirage kuma su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Motata kuwa ta yi kwana tara ba ta ga wanki ba, da gangan. Asalinta shuɗiya ce, amma a ranar ko ka rantse cewa kalar ƙasa ce ba za ka yi kaffara ba. Uwargida ta fito bayan sallar asuba ta kalle ta, ta kalle ni, ta ce, "Malam, a wannan za mu je gidan biki? Sai ka ce daga rami aka tono ta." Na ce, "Hajiya, ko an wanke, kafin mu kai Dawanau ta koma yadda take." Ta ce ita dai ta faɗi nata. Duk wanda ya haura shekara talatin da aure ya san inda ake ajiye gardama. Na ja mota zuwa wurin yaran da ke wanki a bakin titinmu.

Na same su sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi. Babbansu, wanda bai fi shekara ashirin ba, ya ce, "Baba, da wannan sanyin?" Na ce, "Umarni ne daga sama." Suka yi dariya suka miƙe. Sai da ya tsoma hannu a bokiti na lura da hannun. Kaushi ya tsattsaga bayan yatsun, wani wurin har da jini-jini, ga ruwan omo yana shiga ciki. Bai ce uffan ba, leɓe kawai ya cije. Suka wanke ta tas, ta fito tana ƙyalli kamar ita ce amaryar. Na biya, na ƙara masa na basilin, muka kama hanya. Edita, ko Dawanau ba mu kai ba na ga bonet ya fara dusashewa. Da muka isa Bichi jikana ya sauka ya rubuta sunansa da yatsa a kan but, harafi ɗaya-ɗaya raɗau. Uwargida ta gani ta kau da kai. Ni ma na yi kamar ban gani ba, don cin nasara a irin wannan gardama ba ya kawo tuwon dare.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Bayan an shafa fatiha na fito, sai na tarar da wani saurayi cikin abokan ango, da baƙar mota mai kyau, ya zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera yana ta dirzar ƙofa, yana zagaya hannu kamar mai goge tire. Na ce, "Samari, dakata." Ya ce, "Baba, ƙura ce kawai nake ɗan gogewa." Na ja shi ɓangaren da haske ke faɗowa a kaikaice, na ce ya sunkuya ya duba da kyau. Fentin duk ya yi zane-zane sirara, zagaye a kan zagaye, kamar saƙar gizo-gizo. Ya ce shi ya ɗauka haka baƙin fenti yake yi idan ya kwana biyu. Na ce, "A'a, ɗana, hannunka ne." Wata huɗu kacal da sayen motar. Yaron ya yi tsuru-tsuru, ni kuma na ji kamar ni na yi asarar. A hanyarmu ta dawowa na ƙirga mutum bakwai a bakin titi suna wannan aikin, har da wani direban jif da ke yi da hular sanyinsa. Shi ne na ce bari in rubuto.

Mutane suna ɗaukar ƙurar hunturu kamar garin fulawa, abu mai laushi da za a hure ya tashi. A ido haka take. Amma duk wanda ya taɓa tafiya a bayan a-kori-kura cikin watan Janairu ya san yadda take ƙaras-ƙaras a haƙori. 'Yata da ke karatu a Jami'ar Bayero ce ta ba ni labarin asalinta, na kuwa ji daɗinsa, don shekara arba'in ina shaƙar abu ban san garinsu ba. Ta ce da yawa daga cikinta tana tasowa ne daga wani kwari da ke arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, wajen garin Faya. A zamanin da can Tafkin Chadi ya kai har wurin. Da ruwan ya janye sai ya bar busasshen gindin tafki, cike da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Iskar arewa maso gabas ta ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta matse a wurin ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yo kanmu da shi. Ta ce wani ma har teku yake tsallakewa ya sauka a dajin Amazon. Na ce mata, to abin da ya tsallake teku, bokiti biyu ne zai tsayar da shi a Kurna?

Ɓawon nan, in ji ta, dangin gilashi ne, ga kuma ɗan yashi da ke biyo shi. Nan na gane abin da hannuna ya daɗe da sani. Muddin ƙurar tana kwance a kan fenti, ba ta cin komai, muni kawai take kawowa. Ranar da ka ɗora mata busasshen tsumma ka danna, ka mayar da ita samfefa. Kullum kana kankare saman fentin kaɗan-kaɗan, wannan ɓangaren da ke ba shi sheƙi, har wata rana ka ga mota ta koɗe kamar tsohon zane, ka ce rana ce. Rana tana da nata laifin, amma ba ita kaɗai ba ce.

Marigayi maigidana mutumin Haɗeja ne, bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin wanda ya san halin mota kamarsa ba. Idan hunturu ya kankama, akwai ranakun da tsakanin Potiskum da Damaturu sai mun kunna fitila da azahar. A irin wannan lokaci sai a yi mako uku bai bari na taɓa jikin motar ba, alhali a kowace tasha sai ya sa na sauka da buta. Ina yaro abin yana ba ni haushi, don sauran karnukan mota suna yi mini dariya, wai motarmu ta fi ta kowa dauɗa a tasha. Wata rana na yi ƙorafi, sai ya ce, "Kai yaro, mota tana da ido, tana da hanci, tana da ƙafa, sannan tana da riga. Wa ya gaya maka da riga ake farawa?" Ya kuma ce idan ruwa ya yi wuya, ko sanyi ya kai ga cutarwa, mutum ma an yi masa rangwame ya yi taimama. To mota ita ma tana da tata taimamar, sai dai ita ba a shafa mata ƙasa, don ƙasar ce ciwonta.

Ga yadda taimamar take, har yau kuma ita nake yi kowace safiya. Buta ɗaya ta isa, wani lokaci da ragowa. Ka tsaya ka tsiyaya ruwa daga saman gilashin gaba, a hankali, ka bar shi ya gangaro da ƙurar da kansa. Kada hannunka ya taɓa gilashin sai ruwa ya gama nasa aikin. Sannan ka ɗauki jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, ni tsohuwar singileti nake amfani da ita, ka ja daga sama zuwa ƙasa, ka ɗauraye, ka sake ja. Ba a zagaya hannu. Ka ɗaga waifa ka share robarta, don can ne yashi ke maƙalewa. Kuma don Allah a daina kunna waifa a kan busasshen gilashi. Motoci nawa ne a garin nan da tankin ruwan waifarsu bai taɓa ganin ruwa ba tun da aka sauke su daga jirgi? Sai direba ya shiga da safe, ya ga gilashi ya yi buɗu-buɗu, ya danna waifa tana ƙiii, ta zana masa baka biyu a gabansa. Da rana ba zai ga illar ba. Da dare ne, idan wata mota ta haske shi, zai ga hasken ya tarwatse a kan zanen nan, titi ya ɓace masa na ɗan lokaci. A wannan ɗan lokacin ne ake take mai keke.

Daga gilashi sai madubai, sai fitilun gaba, sai na baya. Na bayan nan su ake mantawa, su ne kuwa ke gaya wa direban tirelar da ke bin ka cikin hazo cewa akwai ɗan Adam a gabansa. Sai lamba, gaba da baya, a share ta ta karantu. Doka ce, jami'in hanya kuma idan ya tsayar da kai a kan wannan aikinsa yake yi, kai ka ba shi dalili.

Wannan shi ne ido. Hanci kuwa shi ne eya kilina, wato matacin iskar da ke shiga injin, kuma a nan ne hunturu ke yin ɓarnar da ba a gani. Injin numfashi yake yi kamar ni da kai, duk abin da muke shaƙa yana shaƙa, ya ma fi mu zuƙa nesa ba kusa ba. Ni a wannan yanayi duk Juma'a nake buɗewa in ciro shi, in ɗan bubbuga shi a jikin taya, a hankali. Za ka yi mamakin abin da zai zubo. In na ɗaga shi sama na ga haske ba ya ratsa takardar, to ya gama aiki, sai sabo. Irin na takarda ba a wanke shi da fetur ko ruwa, ba kuma a kafa masa iskar mai faci a kurkusa, don tana huda shi, hudar da ido ba zai gani ba amma ƙura za ta gani. Idan ya toshe, mota takan yi nauyi, tsohuwa mai kafireta kuma ta ƙara shan mai. Akwai masu dabarar cire shi gaba ɗaya su jefa a but, wai mota ta fi tashi. Za ta tashi kam. Kafin damina ta zagayo za ta fara hayaƙi, bakanike ya ce sai an yi ringi. Mutum ya wanke jiki kullum yana ƙyalli, ya bar injin yana haɗiyar yashi, wanka da gari ke nan, ba ya maganin yunwa. A leƙa lagireto ma, musamman mai bin hanyoyin ƙauye a ƙarshen kaka, don ƙaiƙayi da ƙura kan toshe fuskarsa. Ruwa kaɗan a hankali ya isa, idan injin ya huce.

Riga fa? A bar ta. In abin ya dame ka sosai, ka kaɗe sama-sama da abu mai laushi, ba dannawa. Masu rufe mota da tamfol su ma su kula. Tamfol a kan wankakkiyar mota alheri ne, a kan mai ƙura kuwa, idan jaura ta taso cikin dare tana kaɗa shi, sai ya kwana yana yi maka aikin saurayin nan na Bichi. Ni abin da nake yi, tun da iskar daga arewa maso gabas take zuwa, sai in raɓa motar a jikin katanga ta ɓangaren da ke bayan iska, in ɗaga gilasai su rufu ruf. Ba ya hana ƙura sauka, yana dai rage ta.

Akwai kuma maganar ruwan kansa, wadda masu rijiyar burtsatse a cikin gida ba sa ji a jikinsu. Famfon layinmu ya daɗe da yin shiru. Ruwanmu a hannun 'yan garuwa yake, masu turo kura da jarkoki masu cin lita 25. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, masu tayar da janareta su jawo ruwa suka ƙara kuɗi, 'yan garuwa suka ƙara, masu wankin mota su ma suka ƙara, ba kuma laifin ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Wankin kirki na cin jarka uku zuwa huɗu. Ruwan girki da wanke-wanken gidana ke nan na yini guda. In zubar da shi a kan ƙarfe, kafin azahar iska ta mayar da hannun agogo baya? Aikin baban giwa. Muna da wani bawan Allah a layinmu, ba zan kama suna ba, motoci uku gare shi, kowace safiya yaronsa na kafa musu tiyo, buji ko ba buji. Ruwan ya gangaro ya kwanta a tsakiyar layi, har ya haifar mana da taɓo a tsakiyar rani, ya cinye bakin kwalta, 'yan makaranta suna tsallake da fararen safa. Matan da ke jiran mai garuwa tun asuba suna tsaye suna kallo. Rijiyarsa ce, kuɗinsa ne, ban musa ba. Amma da ƙarfe goma motocin nan uku da tawa duk kalarsu ɗaya.

Kada wani ya karanta wannan ya ce tsohon nan ƙazami ne, yana neman abokan tafiya. Tsafta cikon addini ce, na sani, kuma cikin motata ko yanzu ka shiga da farar shadda za ka fita da ita fara. Ciki ba ruwansa da yanayi. Jiƙaƙƙen tsumma a kan sitiyari da gaban mota, a ciro shimfiɗun ƙafa a kakkaɓe, a bubbuge kujeru, shi ke nan. Wanda ya bar ɓawon gyaɗa da ledar fiya wata a ƙarƙashin kujera kada ya ɗora wa hunturu.

Na damina kuwa wani karatu ne daban, a nan ne ma ni kaina na sha kashi, duk da tutiyar da nake yi. Na sayi Golf ɗin nan a 2011. Da daminar 2012 ta zo, shekarar babbar ambaliyar nan, layinmu ya koma kamar fadama. Cikin watan Agusta marka ta kafu, yau ruwa, gobe yayyafi, jibi hadari. In ka wanke da safe, kafin ka fita bakin titi taɓo ya kai mata ƙofa. Sai na ɗauko karatun hunturu na shimfiɗa a damina, na ce ai sama tana wanke mini kyauta. Na yi kusan wata biyu ban kai ta wanki ba. Abin da na manta shi ne ruwan sama riga kawai yake jiƙawa, ƙafa kuwa laka yake tara mata. Ƙura busasshiya ce, ba ta riƙe komai. Laka kuwa idan ta cushe a saman tayoyi da lungunan ƙarƙashin mota, sai ta riƙe danshi kamar soso, ta kwana ta wuni tana jiƙa ƙarfe, ko rana ta fito ba ta bushewa da wuri. Ga shi motocin nan da ake kawo mana daga Turai da Amurka, da yawansu sun fito ne daga ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Su can nasu tashin hankalin ke nan: sanyi ya hana su wanki saboda ruwa na daskarewa, gishiri kuma yana cin gindin mota. To ta zo mana da tsatsarta a ɓoye, an fesa baƙin fenti an rufe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nawa bangon kuwa tun daga can ya zo a tsage.

Da damina ta zagayo, wata rana na ɗauko surukina, dattijo mai kunya, daga asibiti. Muka shiga wani ɗan ruwa a hanya, bai ma kai rabin taya ba. Sai na ga yana ɗaga ƙafafu yana tattare babbar riga. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ashe motar taka da rijiya a ciki?" Na tsaya na ɗaga shimfiɗar ƙafa, sai ga titi ina kallo ta wata huda da hannu zai shige. Kunyar da na ji a ranar ta fi ta kowace ƙura. Sai da mai walda ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe, kuɗin da na biya kuwa ya isa wanki na shekara biyu.

Tun daga nan na raba karatun biyu. Da hunturu a bar jiki a kula da ido da hanci. Da damina a bar jiki ɗin dai, amma ƙarƙashi ba a yi masa haƙuri. Ko ana marka, duk mako nakan kai ta inda suke da ramin hawa da injin fesa ruwa, in ce, "Ƙasa kawai za ku yi mini, ku bar sama." Da farko yaran suna ganin kamar wasa nake, yanzu sun saba, kuɗin ma ya fi sauƙi. Sai dai ina tsayawa a kansu kada su juya bakin tiyon cikin injin. Fijo ta da ko ka yi mata wanka da bokiti, ka busar da fulogi ta tashi. Motocin yanzu masu kwamfuta da tarin wayoyi, ruwa mai ƙarfi ya shiga inda bai kamata ba, ka koma gida a ƙafa. Haka nan ba na bari a watsa ruwan sanyi a kan birki daga saukowata daga doguwar tafiya, sai ya huce.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa ne, amma su ke cin mota. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan huduji da ruwa ke fita, laka na toshe su, ƙofa ta riƙa ɗaukar ruwa kana jin sa yana ƙulu-ƙulu idan ka rufe. Tsinken tsintsiya ya isa ya buɗe su. Kwalbatin da ke gindin gilashin gaba ganyen darbejiya ke cika shi, ruwa ya rasa hanya ya biyo ta ƙafar fasinja. Shimfiɗa in ta jiƙe a fito da ita ta sha iska, in ba haka ba wari da tsatsa su haɗu. In ka ratsa ruwa, ka ɗan tattaka birki a hankali har ka ji ya kama. Ruwan da ba ka san zurfinsa ba kuwa, ka bar mai gaggawa ya fara shiga.

Abu ɗaya ne ba na yi wa jinkiri a jikin fenti, rani ko damina, shi ne kashin tsuntsu. Mun iya neman inuwa, mu kai mota gindin darbejiya ko mangwaro, balbela da jemage su yi mana ado. Wannan ba irin ƙura ba ne, cin fenti yake yi, rana ta gasa shi ya bar tabon da ba ya fita. Ba a kankare shi da farce. Ka jiƙa takarda ko tsumma ka ɗora a kai, ka je ka sha shayi, ka dawo ka ɗauke, zai biyo. Kuma idan hadari ya haɗo da iska, a janye mota daga gindin bishiya. Tabo ya fi reshe sauƙi.

Wanda ke da hali, sau biyu a shekara ya sa a yi mata wankin gaske a shafa mata folish, ɗaya idan ruwa ya ɗauke wajen Oktoba, kafin ƙura ta iso, ɗaya kuma a bazara kafin ruwan farko, wanda shi ma ba wanki yake yi ba, ƙurar sama yake kwasowa ya yarfa wa mota dabbare-dabbare. Folish na sa ƙura da laka su kasa kama jiki sosai. A nemi sabulun mota, don omo yana cinye folish ɗin ne ya bar fenti tsirara. A yi a inuwa, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, kada yashin da aka kwaso daga taya ya koma kan ƙofa.

Roƙona ga jama'a, Edita, shi ne idan an ga mutum ya zo ɗaurin aure ko ta'aziyya da mota buɗu-buɗu a wannan watan, kada a yanke masa hukuncin ƙazanta ko rowa. A dubi gilashinsa da fitilarsa tukuna. Masu kai wanki kuma, in dai ba dole ba, a bar yaran nan rana ta ɗan ɗaga kafin a sa su tsoma hannu a ruwa, su ma 'ya'yan wasu ne. Zan kuma so jaridar nan ta nemi bakanikai da masu fenti su faɗi nasu, don na san akwai wanda zai ce na yi kuskure a wani wuri, ina kuwa son in ji.

Yau kwana biyar da zuwanmu Bichi, Golf ta koma kalarta ta ƙasa. Jikan nan nawa ya rubuta "Don Allah a wanke ni" a kan but. Na kira shi na ce rubutunsa ya yi kyau, amma nan gaba ya riƙa yi a ƙaramin gilashin gefe na baya, wanda ba na kallon komai ta cikinsa, don yatsa ma zane yake yi. Yaran bakin titi na gaya musu su saurare ni ranar da na tsaya a ƙofar gida na hango hasumiyar masallacin Juma'armu sarai, da hantsi, ba da asuba ba. Akwai wani bikin a Wudil mako mai zuwa. Uwargida ta riga ta sanar da ni cewa ƙanenta ne zai kai ta.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida farin jini, ya raba mu da mugun ji da mugun gani a kan hanya.

Naka,
Wani tsohon direba,
Kurna, Kano.